Suna Linzami: Sunayen Ciwon da Ido Ba Ya Gani

  

Sharhin yau a kan suna ne, sunan ciwo. Hausawa sun ce suna linzami ne. Inda aka ja linzami, can doki yake nufa. To haka sunan da aka laƙa wa ciwo yake. Shi ne yake nuna wa iyali ƙofar da za su ƙwanƙwasa, ko ta asibiti, ko ta boka, ko kuwa ta ɗakin da za a kulle mutum a ɓoye shi daga idon maƙwabta.

A fara da ciwon jiki. Nan Bahaushe ba ya rasa suna. Akwai shawara, akwai sanƙarau, akwai tarin fuka. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gyambon ciki. Ba wanda zai ga mai basir ya ce ƙyanda ce ke damunsa. Kowane ciwo da sunansa, kowane suna da maganinsa. Amma da zarar an zo kan ciwon da ya taɓa tunani da hali, sai bakin kowa ya tsaya a kan kalma guda. Hauka.

A duba mutanen da wannan kalma take haɗiyewa. Ga mai yawo a bola da tsummokara. Ga mai jegon da ta kwana biyar ba ta runtsa ba, tana cewa za a sace mata jariri. Ga dattijon da ya manta hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa. Ga sojan da ya dawo daga daji, wanda in tayar mota ta fashe sai ya kwanta rub da ciki. Ga matashin da ƙwaya ta juya wa kai. Ga yaron da zazzaɓi ya yi wa zafi har yana sambatu. A asibiti, waɗannan mutane shida ciwo shida ne ke damunsu, kuma magani shida suke bukata. A unguwa kuwa, buhu ɗaya aka zuba su. Shi wancan yaro mai sambatu ma, ƙila maleriya ce ta hau masa kai, ko taifot. In aka ce iska ce aka tsaya turare, ana iya rasa shi kafin gari ya waye.

A shekarar 2004 an wallafa wani bincike da likitoci suka yi a ƙauyen Karfi da ke jihar Kano. Sun tambayi manya 250 yadda suke gane mai taɓin hankali. Amsar da ta fi yawa ita ce faɗa da ɓarna. Sai yawan surutu, sai baƙin hali, sai yawo barkatai. Ku lura da kyau, masu sauraro. Duk alamomin nan masu ƙara ne. Wanda ciwonsa shiru ne, wanda ya shige ɗaki ya daina cin abinci, ya daina dariya, shi ba ya cikin lissafi. Ba shi da suna. Wanda ba shi da suna kuwa, ba a kai shi asibiti. Sai dai a ce miskili ne, ko malalaci, ko mara tawakkali.

Gaskiya an yi ƙoƙarin sassauta harshe. Gidajen rediyo sun koma cewa taɓin hankali, ko taɓin ƙwaƙwalwa, ko larurar ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi ladabi nesa ba kusa ba, musamman in aka kwatanta da na majalisa, inda ake cewa wane ya zare, ko notinsa ya kwance, ko kansa da motsi. Amma buhun nan dai shi ne, wanki kawai aka yi masa. Har yanzu suna ɗaya ne ake raba wa cututtuka barkatai.

To, yanzu a leƙa asibiti a ji nasu sunayen.

Likitocin duniya suna da babban kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya jera cututtuka, kuma bugu na sha ɗaya ya fara aiki a farkon shekarar 2022. Akwai wani kundin na likitocin Amurka. Da waɗannan ake koyar da ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma da Turanci ake koyarwar. A Yamai da Damagaram kuwa da Faransanci. Likita zai rubuta sunan ciwo a kati da harshen da ya yi karatu da shi. Sai ya ɗago kai ya dubi tsohuwar da ta kawo ɗanta daga ƙauye. Me zai ce mata da Hausa? A nan gizo ke saƙar.

A ɗauki wanda 'yan boko suke kira difireshan. An fi fassara shi da ciwon damuwa. Fassarar ta karɓu, amma tana da rauni. Wa ya rasa damuwa a wannan zamani? Mai bin bashi yana da damuwa, wanda ake bi ma yana da ita. Saboda haka in aka ce wance tana da ciwon damuwa, sai a ce ta yi haƙuri, kowa ma haƙuri yake yi. Alhali abin da likita yake nufi ya wuce nan. Ƙunci ne da yake danne mutum kusan kullum, mako biyu ko fiye. Abin da yake so a da ya fita daga ransa. Barci ya lalace. Abinci ya daina daɗi. Jiki ya mutu. Mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya fara tunanin gara ya mutu ya huta. Wanda ya kai nan, faɗa ba ya tashe shi. Akwai magani na sha, akwai na zama a tattauna da ƙwararre, kuma mutane da dama suna warwarewa.

Wani abin lura shi ne, mai wannan ciwo da wuya ya shiga wurin likita ya ce baƙin ciki ne ya kawo shi. Zai ce kansa yana zafi. Zai ce wani abu yana yawo a jikinsa. Zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko zuciyarsa tana bugawa. In an matsa, sai ya ce tunani ya yi masa yawa. Sai a auna jini, a ba shi maganin maleriya, ya tafi. Bayan wata guda ya dawo, a ba shi na taifot.

Wannan kalma ta yawan tunani ta taɓa yin babban aiki a wata ƙasa. A Zimbabuwe, masu magana da harshen Shona suna da kalmar kufungisisa, ma'anarta yawan tunani. Wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga likitoci irinsa ba su taka kara sun karya ba a ƙasar. Sai ya horar da tsofaffin mata, kakanni, ya zaunar da su a kan benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare. Duk wanda tunani ya yi wa yawa, sai ya zo ya zauna da kaka su tattauna, bisa tsarin da aka koya mata. Ba a ce wa kowa yana da taɓin hankali ba. Da kalmar gida aka kira mutane, suka kuwa amsa. Sakamakon gwajin da aka wallafa a shekarar 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Kun ji aikin linzami.

Sai kuma waswasi. Nan Hausa ba ta bukatar aron komai, domin kalmar tana bakin kowa. Kowace unguwa ta san mutumin da zai ƙarar da buta uku bai gama alwala ba. Ko wanda zai ta da kabbara, ya saki, ya sake tayarwa, har liman ya yi ruku'u. Ko matar da za ta duba ƙofa sau goma kafin ta kwanta. Waswasi kaɗan, kowa yana da shi. Amma in ya cinye sa'o'in mutum, ya hana shi aiki, ya sa shi kuka a ɓoye, to ya zama ciwon da likitoci suka sani, suka kuma san yadda ake bi da shi.

Kada wani ya ce ai wannan ilimin Turawa ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce, an yi wani malami a yankin Balkh, cikin Afganistan ta yau, sunansa Abu Zaid al-Balkhi. Ya rasu a shekarar 934. Ya rubuta littafi a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, ya ware babi a kan fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai dalili, kamar rasuwa ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda yake saukar wa mutum ba gaira ba dalili, ya hana shi walwala, kuma shi wannan ya danganta shi da jiki, ya ce yana bukatar magani. Marigayi Farfesa Malik Badri, ɗan ƙasar Sudan, shi ya fassara wannan sashe zuwa Turanci. Haka kuma asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali. Malaman fiƙihu ma ba su yi wa abin kuɗin goro ba. Sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe ɗungurungum da wanda abin yake zuwa masa yana yayewa, kuma kowanne da hukuncinsa. Ita kanta kalmar majanuni, tushenta a Larabci yana nufin lulluɓewa, wato hankali ne aka lulluɓe. Abin da aka lulluɓe kuwa yana nan, bai ɓace ba.

Yanzu ga babban. Ciwon da ya fi kusa da abin da jama'a ke kira hauka tuburan, likitoci suna ce masa sikizofiriniya. Mai shi yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji. Yakan yarda da abin da babu shi, kamar a ce ana bibiyarsa, ko an sa masa guba a abinci. Magana takan tsinke masa. Yakan janye daga mutane, ya daina wanka. Yawanci yana farawa ne a ƙuruciya, lokacin da saurayi ke shirin kama sana'a ko gama karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin ɗari uku yana da shi. Tun shekarar 1952, da aka fara amfani da maganinsa na farko a birnin Paris, ake samun masu wannan ciwo suna komawa gida. Yau akwai na sha, akwai allurar da ake yi wata-wata.

Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya ƙirƙiri sunan a shekarar 1908, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin tsagewar hankali. Da Japanawa suka fassara shi zuwa harshensu, sai ya fito da muni ƙwarai: ciwon tsagaggen hankali. Sunan ya yi nauyin da likitoci da yawa ba sa iya faɗa wa mara lafiya abin da ke damunsa. Mutum ya shekara yana shan magani bai san na mene ne ba. Iyalan marasa lafiya ne suka gaji, ƙungiyarsu ta roƙi likitoci a sauya sunan. A shekarar 2002 aka sauya shi zuwa wani mai nufin matsalar daidaita tunani. Wani bincike ya nuna cewa a da, wajen kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya ake faɗa wa sunan ciwonsu. Cikin shekaru kaɗan abin ya kai wajen bakwai cikin goma. Ciwon bai sauya ba. Maganin bai sauya ba. Suna kawai aka taɓa.

Koriya ta Kudu ta bi sahu a 2011. Su kuma suka ɗauko suna daga wurin makaɗa, daga ɗaure tsirkiyar kayan kiɗa. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya ko mai gurmi yana gyara tsirkiya zai gane nufinsu. Kayan kiɗan bai fashe ba. Tsirkiya ce ta saki, kuma ana iya ɗaure ta.

Sauran sunayen, a bi su da sauri. Wanda yake hawa sama na makonni, ba barci, ga kashe kuɗi, ga manyan tsare-tsare, sannan ya faɗo cikin ƙunci, shi likitoci suke ce wa baifola, ciwon hawa da sauka. Abin da ake kira haukan jego yana kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu, galibi a makonni biyun farko bayan haihuwa. Na gaggawa ne, a garzaya asibiti, kuma akasari ana warkewa. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma dattijuwar da ke fita tsakar dare tana sambatu ba mayya ba ce. Farfaɗiya kuwa ba ta cikin wannan sahu sam. Saƙonnin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Ba a ɗaukar ta ta yawu, kuma mafi yawan masu ita suna daina faɗuwa in sun dage da magani.

Masu sauraro, a juya ga sunayen masu maganin da wuraren maganin, domin a nan ma linzamin ya harɗe.

In aka ce likitan ƙwaƙwalwa, wa ake nufi? Mai fiɗar kai? Ko mai duba shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya? Ko mai duba taɓin hankali? Mutum uku ne, karatu uku. Ga kuma na huɗu, masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa gwaji da tattaunawa, ba rubuta ƙwaya ba. Duk suna ɗaya ake kiransu da shi. Su kuma masu duba taɓin hankalin, a duk faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga mutane fiye da miliyan ɗari biyu.

Sai wuraren. A Kano, in yara suna son tsokanar juna sai su ce wane sai Dawanau. Ana wannan zolaya da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Sunan asibiti ya zama zagi. To uban da yake da 'yan mata a gida, yana jiran manema, ta yaya zai yarda a ga motarsa a ƙofar wurin da ake kira gidan mahaukata? Tsoronsa ba na banza ba ne. Ya san masu binciken aure za su tambaya. Sai ya zaɓi ya ce aljanu ne, domin aljani ba ya ɓata sunan zuri'a. Ba wanda ya hana addu'a, ba wanda ya hana ruƙiyya. Mai hawan jini ma yana addu'a, yana kuma shan ƙwayarsa. Matsalar ita ce shekarun da ake ɓatawa kafin a isa asibiti, da kuma inda wasu ke ƙarewa. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane fiye da ɗari uku, da yawa da mari a ƙafa. Bayan wata biyu ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare daban-daban a Najeriya, na addini da na gargajiya har da na gwamnati. Kalmar turu ta daɗe a Hausa. Ashe abin da take nufi ma bai mutu ba.

Doka ita ma ta daɗe da tsohon suna a bakinta. Har zuwa farkon shekarar 2023, dokar 1958 ce take aiki, wadda tushenta ke komawa ga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916. Kalmar da take kiran mara lafiya da ita daga sunan wata aka samo ta a Latin, domin Turawan da sun ɗauka wata ne ke ta da ciwon. Mu ma nan akan ji ana cewa ciwon wane yana motsawa in wata ya tsaya. Waccan doka tsarewa ta sani, ba warkarwa ba. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ɗauki mara lafiya a matsayin mai haƙƙi, wanda ake neman yardarsa a kan maganinsa. Abin mamaki, tun 1954 wani ɗan ƙasar nan ya nuna hanya. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, ya sauki marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wani mai sauraro zai ce, to duk wannan surutu ne. Sauya suna ba ya sayen allura, ba ya biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa birni. Gaskiyarsa. Iyalin da ba su da kuɗin magani, ƙamus ba zai yi musu komai ba. Amma akwai dubban gidaje da kuɗin ba shi ne ya tsare su ba. Sun sayar da rago da gona sun kai inda sunan ya ja su. Da an ce musu tun farko wannan ciwon jego ne, ko wannan waswasi ne da ya zama ciwo, da linzamin ya ja su wata hanyar. Aikin yana gaban likitoci masu jin Hausa, da malaman harshe na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da ma'aikatan rediyo, da marubutan fim. Su zauna su tace sunayen, tare da waɗanda suka yi ciwon da iyalansu, kamar yadda aka yi a Japan. Kayan aikin suna nan a bakin mutane: ƙunci, fargaba, firgita, waswasi, gigi, yawan tunani.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ja. Ga wanda yake da mara lafiya a gida, in kun je asibiti ku tambayi likita sunan ciwon, ku ce ya faɗa muku da Hausa. Ku tambayi sunan maganin, da tsawon lokacin da za a sha, da abin da zai iya jawowa. In ya sa jiki ya sandare ko yawu na zuba, ku koma a gyara, kada ku yanke shi da kanku. Wanda kuma ya ji an ambaci abin da ke damunsa a cikin wannan shiri, musamman in tunanin mutuwa yana zuwa masa, ya samu wanda ya yarda da shi ya faɗa masa yau, su tafi asibiti mafi kusa tare. Masu jinya, sannunku da ɗawainiya. Marasa lafiya, Allah Ya ba ku lafiya.